Hoton kwandon amarya: yadda muka gyara shimfiɗar baya a wani ɗaki a Gwammaja

Yayata ta fi shekara 6 tana haɗa turaren wuta da humra a gidanta da ke unguwar Gwammaja a Kano. A hannun wata 'yar Maiduguri ta koya, kuma duk wanda ya taɓa shiga falonta ya san hannunta na da kyau. Da ciniki ya koma waya sai ta ƙaro wani abu da take kira kwandon amarya: kwalaben humra biyu ko uku, da kwalbar turaren wuta, da ɗan ƙaramin kasko, a zagaye su da furanni. Yawanci furen roba ne da take sarowa a kasuwar Sabon Gari, amma idan mai oda ta yarda ta biya, ana kawo mata ɗanyen furen wardi daga Jos. Kusan duk cinikinta a WhatsApp da Instagram yake. Mai saye ba ta jin ƙamshi, ba ta taɓa kaya, hoto kawai take gani ta turo kuɗi.

A farkon hunturun da ya wuce aka samu matsala. Wata mata a Kaduna ta yi odar kwando biyu na bikin ƙanwarta. Da kaya suka isa sai ta kira tana faɗa, wai ba abin da ta gani a hoto ba ne. A hoton, humrar ruwan zuma ce, furen kuma ja ne mai duhu. Abin da ya je mata farar humra ce da fure ruwan hoda. Babu wanda ya canza kaya, ainihin kwandon da aka ɗauka a hoto shi aka aika. Amma matar ba ƙarya ta yi ba, don ni ma da na ga hoton na ɗauka wani kwando ne daban. Sai da Yaya ta mayar da wani ɓangare na kuɗin kafin wuta ta mutu.

Washegari ta kira ni. "Auta, wayar nan ta tsufa. Ka zo ka raka ni Farm Centre na canza ta." Ni hoton biki da na suna nake ɗauka a ƙarshen mako, don haka a gidanmu duk abin da ya shafi kyamara kaina yake faɗowa. Na ce, "Yaya, kafin ki kashe kuɗi, bari na zo na ga inda kike ɗaukar hoton."

Abin da na tarar

Sai bayan isha'i take ɗaukar hoto, idan yara sun kwanta. Takan shimfiɗa wata shadda ruwan gwal a kan gado, mai tsada ce, daga Kantin Kwari, ta jingina kwandon da bango. Bangon fentinsa kore ne. A sama akwai ƙwan lantarki mai hasken ruwan ɗorawa, a gefe kuma ta ajiye fitilar caji mai fari fat don ƙarin haske. Wayar takan matso da ita har kusan taɓa kwalba. Na karɓi wayar na duba gilashin kyamarar, sai na ga ya yi dususu da maiƙo. Mai haɗa humra hannunta ba ya rabuwa da mai, kuma da wannan hannun take riƙe waya. Gogewa ɗaya da bakin mayafi, hazon da ke cikin hotunanta ya tafi. Wannan ne mafi arha cikin gyare-gyaren.

Sauran laifin na shaddar ne, kuma nan muka daɗe muna jayayya. A wurin Yaya, kaya mai daraja a kan shimfiɗa mai daraja ake ɗora shi, kamar yadda ake jera lefe. A ido hakan daidai ne. Amma abin da ya sa muke sayen shadda da tsada, wato sheƙinta da zanen da aka saƙa a jikinta, shi ne ya sa ba ta dace da bayan hoto ba. Abu mai sheƙi yana mayar da haske kamar madubi: ta kusurwar da haske ya sauka, ta irinta yake tashi. Duk inda shaddar ta ɗan lanƙwasa, akwai wani wuri da ke cillo hasken ƙwan kai tsaye cikin kyamara. Waya kuwa tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. Da ta ga waɗannan wurare masu ƙyalli sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, furen ruwan hoda ya koma ja mai duhu. Ga kuma layukan ninki, tsaye da kwance, sun raba bayan hoton kamar allon dara.

Launin humrar kuma, kwalbar gilashi ba ta da launin kanta, na abin da ke bayanta da gefenta take ara. Farar humra a gaban shadda ruwan gwal, ƙarƙashin ƙwai ruwan ɗorawa, dole ta fito ruwan zuma. Fitilu biyun ma sun ƙara dagula lamarin. Masu hoto suna auna launin haske da ma'aunin Kelbin: ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700, fitila mai fari fat wajen 6500, hasken rana da tsaka kuma wajen 5500. Idon mutum yana sajewa da kowanne ba tare da ya sani ba. Waya ɗaya kawai za ta iya zaɓa ta ɗauke shi a matsayin fari. Idan ta bi ƙwan sama, gefen fitilar caji ya yi shuɗi. Idan ta bi fitilar, sauran hoton ya yi ɗorawa. Koren bangon ma yana zuba nasa a kafaɗar kwalaben.

Na ce mata wayarta lafiyarta ƙalau. Ba ta ji daɗi ba, don ina jin ta riga ta zaɓi wadda za ta saya.

Fari, sannan baƙi

Abu na farko da muka gwada shi ne abin da kowa ke fara gwadawa, farin kwali babba irin wanda ɗalibai ke zane a kai. Ba a ninke shi. Ana manna kansa a bango da salatif, a bar shi ya gangaro a hankali ya kwanta a kan tebur, ya yi lanƙwasa kamar bayan ƙwarya. Amfanin wannan lanƙwasa shi ne babu layin da bango ya haɗu da tebur, sai kayan ya zama kamar yana zaune a fili marar iyaka. Wannan dabarar muka riƙe har ƙarshe, abin da muke lanƙwasawa ne kawai ya riƙa canzawa.

Kwalbar turaren wuta ta fito da kyau a kan farin, ana ganin ɓarɓashin sandal da gajiji ɗaya bayan ɗaya. Amma farar humra ta ɓace, gefen kwalbar ya narke cikin kwalin, haka ma fararen furannin roba. Kwalin kansa kuma ya fito ruwan toka, Yaya ta ce kamar an wanke shi da ruwan kwata. Dalilin shi ne ma'aunin hasken kyamara kullum yana ƙoƙarin mayar da hoto tsaka-tsaki, tsakanin fari da baƙi. Idan fari ya cika hoto sai ya rage haske, idan baƙi ya cika sai ya ƙara. Maganinsa a waya: a danna kan kayan a riƙe har ta kulle, sannan a ja alamar ranar nan sama kaɗan. Gefen kwalbar kuma, na yanko baƙin kwali guda biyu masu faɗin tafin hannu na tsayar hagu da dama, a wajen abin da kyamara ke gani. Gilashin ya ari baƙin, sai ga siririn layi mai duhu ya zana siffar kwalbar daga wuya har gindi. Yaya ta sa na cire na mayar har sau uku tana kallon fuskar wayar.

Abin da ya kori farin kwali hunturu ne. Kwana biyu ya yi, ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa, ga zoben mai da gindin kwalba ya bari, wanda ba ya goguwa.

Sai na kawo baƙin karammiski. A wurin mai hoto babu kamarsa, don gashinsa yana shanye haske, ba ya mayarwa. A kansa ne muka samu hoton hayaƙi: kasko da garwashi, an zuba turare, haske na zuwa daga gefe ta ɗan baya, hayaƙin ya miƙe fari tas yana murɗewa. A kan fari ba za ka taɓa ganin wannan ba. Amma karammiski maganaɗisun ƙura ne, kowane zare da kowace ƙura sai sun fito kamar taurari. Kuma Yaya ta yanke hukunci da kallo ɗaya: "Kayan amarya a kan baƙi? Sai ka ce sanarwar rasuwa." Ban yi musu ba. Ita ta san masu sayenta. Muka ajiye shi don hoton hayaƙi kaɗai.

Yadi biyu da rabi daga Ƙofar Mata

Kayanta kusan duk launinsu ɗaya ne: ruwan zuma, ruwan ƙasa, gwal, fari, sai ruwan hodar fure. Launin da ke fito da irin waɗannan shi ne kishiyarsu, wato shuɗi. Shuɗi marar sheƙi kuwa ba sai mun je nesa ba. Na sayi farin yadin auduga, yadi biyu da rabi, na kai marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake rini da baba a cikin rijiyoyi. Na ce a rina shi bai ɗaya, ba ɗauri, ba zane, kuma kada ya yi duhu sosai. A rinin baba yawan tsomawa ne ke ƙara duhu: a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Yadin yakan fito da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka.

Dattijon da ya karɓi aikin ya ce idan ya bushe za a miƙa wa masu bugu. Na ce, "A'a Baba, kada a buga." Ya ɗago ya dube ni. "Yaro, ba bugu ai ba zai yi sheƙi ba." Na ce sheƙin nake gudu. Ya yi dariya ya ce shekarunsa a bakin marina bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don kada kayansa su yi kyau ba. Masu bugu da manyan sandunansu suna daddanne zaren ne har fuskar yadi ta yi santsi, abin da injin ke yi wa shadda ke nan. Yadin da ba a buga ba fuskarsa na da ɗan kaushi, yana watsa haske ko'ina maimakon ya cillo shi wuri ɗaya.

Sai da muka wanke shi sau uku da ruwan sanyi kafin ya daina zuba, don sabon rini yana shafar duk abin da ya taɓa, kuma farin kwando da farin kirtani za a ɗora masa. Aka goge shi da dutsen guga yana da ɗan danshi. Daga ranar ba a ƙara ninke shi ba, naɗe shi ake yi a jikin bututun roba irin na famfo.

Rinin hannu ba ya fita bai ɗaya kamar na kamfani, akwai wurin da ya fi wani duhu. Da farko na ɗauka aibi ne. A hoto kuwa, da yadin ya yi nisa ya dusashe, sai ya zama kamar sararin sama bayan magariba.

Nisan nan shi ne rabin aikin. A da kwandon a jingine yake da bango, inuwarsa na manne da shi, kyamara kuma tana ganin kaya da bango da kaifi ɗaya. Muka jawo teburin guga zuwa gefen taga, muka rataya yadin a sandar labule da muka ɗora a kan ƙusa biyu, ya gangaro ya rufe teburin, kwandon kuma muka kawo shi bakin tebur, kimanin santimita 80 daga inda yadin ya miƙe. Inuwa ta faɗi a ƙasa inda ya kamata. Zaren yadin ya daina fitowa. Kuma da yake haske yana raguwa da nisa (ƙaramar fitila idan ka ninka nisanta, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ne ke isa), bayan ya fi kwandon duhu ba tare da mun taɓa komai ba. Yadi ɗaya ne, amma idan muka matso da shi kusa da taga ya yi shuɗi mai haske, idan muka kare masa hasken da kwali ya koma kusan baƙi.

Saura matsala ɗaya: shuɗin da ke ƙarƙashin kwandon yana haskowa sama ya shafi fararen furanni. Yaya ce ta warware. Ta shiga kicin ta fito da babban faifai wanda ba a yi masa ado ba, ta sa a ƙarƙashi. Shuɗin ya daina hawa, kuma faifan ya zauna da kayan kamar dama can tare aka yi su.

Taga

Mun kashe ƙwai da fitilar caji, mun koma hasken taga kaɗai, daga gefe, da farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske cikin inuwa. Ɗakin tagarsa arewa take kallo. Masu koyar da hoto a Turai da Amurka suna yawan cewa a nemi tagar arewa domin rana ba ta bugunta da tsaka. A can gaskiya ne. Kano kuwa tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da kanmu, bangon arewa ne ke shan ta. Da hunturu tana karkata kudu, tagar arewa ta samu haske mai laushi, hazo ma yana ƙara tausasa shi. Mu a Disamba muke, sai abin ya zo mana daidai. Na dai faɗa mata cewa wannan tagar aro ce.

A hoton farko da muka ɗauka a wurin, sai ga ƙarafunan taga sun fito a jikin kowace kwalba, layi-layi, kamar humrar na gidan yari. Gilashi yana nuna siffar abin da ke haska shi. Muka rataya farin mayafi marar ado a kan tagar, layukan suka tafi, aka bar dogon haske mai laushi a gefen kwalba.

Wayar kuma muka ja da ita baya muka sa ta a 2x, wato ta jawo hoton kusa ninki biyu. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, idan ka matso da ita sosai sai abin da ke gaba ya kumbura, kwalaben gefe su karkace, kuma ta hango har bayan yadin, da ƙusa da koren bango. Daga nesa yadi mai faɗin tebur ya isa ya cika hoto. Muka jingina ta da gwangwanin madara a kan kujera, muka sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta.

Ɗanyen fure sai a ƙarshe yake shigowa. Iskar hunturu busasshiya ce, wardi da ya sha hanya daga Jos ba ya jure dogon jira a kan tebur. Duk gwajin haske da jeri da furen roba ake yi, na gaskiyar yana cikin bokitin ruwa kusa da randa, an yanke gindinsa a karkace. Idan komai ya zauna a kashe fanka, a musanya, a ɗauka. Ja da ruwan hoda mai ƙarfi suna saurin cika wa kyamara ido har ninkin furen ya ɓace ya zama dunƙule ɗaya, don haka a nan rage haske ake yi kaɗan, ba ƙarawa ba. Wata rana da wardi bai iso ba, furen kariya muka tsinko a tukunyar maƙwabciya, ya zauna a kan shuɗin fiye da yadda na zata.

Inda aka kwana

Da muka tura hotunan farko, na ɗauka za a yi ta yabo. Wata ƙawarta ta rubuto cewa sun yi kyau amma "ba armashi", kamar ba kayan biki ba. Na so na ce ba ta san hoto ba. Yaya ta ce, "Auta, ita ce mai saye, ba kai ba." Ta ɗauko shaddar nan ruwan gwal, ta naɗe ta siririya, ta ajiye a can kusurwar baya inda hoto ya dusashe, nesa da kwalaben. Ƙyallin ya zama ɗan walƙiya a gefe, bai isa ya ruɗi ma'aunin haske ba, bai kuma rina humrar ba. Gaskiya hoton ya fi nawa. Ni ina neman hoto mai tsabta ne, ita tana neman wanda zai sa mace ta tuna da ɗakin amarya.

Ta kuma ɗauki wata al'ada da kanta: kafin ta tura hoto, takan riƙe wayar kusa da kwandon a bakin taga ta kwatanta launi da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan sun saɓa, ta sake ɗauka. Ta daina sa matatar launi ta Instagram, kuma a WhatsApp tana danna HD, wanda aka ƙaro a 2023, don kada a matse hoton ya dagule. Matar Kaduna ba ta dawo ba. Amma tun daga lokacin babu wadda ta sake cewa ba abin da ta gani ba ne.

Abin da ya fi ba ta wahala ba yadi ba ne, lokaci ne. Hoton dare ya ƙare, sai da hantsi, tsakanin ƙarfe 9 da 11, daidai lokacin da aikin gida ya fi yawa. Yanzu tara kaya take yi ta ɗauke su gaba ɗaya ranar Asabar. Idan oda ta gaggawa ta faɗo da dare, har yanzu ba mu da amsa mai kyau, sai dai fitila ɗaya tak a bayan farin mayafi, a kashe sauran. Babban kwando mai hawa biyu kuma ya fi faɗin yadin, gefensa na leƙowa, sai an rino wani a haɗa.

A makon farko na Mayu ta kira ni da hantsi. "Auta, rana ta shigo min kan tebur, mayafin ma ya kasa tare ta." Na ce ta duba ɗakin yara, tagarsa kudu take kallo. Ta ce ɗakin cike yake da katifu da jakunkunan makaranta. Na ce ƙusa biyu ne kawai da sandar labule. Ta ce to na taho da guduma, na kuma biya ta Ƙofar Mata na tambayi Baba nawa zai rina mata yadi huɗu, ba bugu.